Koblar Tuffa: Gashin da Rashin Kayan Aiki Ya Haifar

A shekarar 1839 wata mata 'yar jihar Kentaki ta Amurka mai suna Lettice Bryan ta fitar da littafin girke-girke, The Kentucky Housewife. Cikin ɗaruruwan abincin da ta jera akwai wani gashin 'ya'yan itace da ta ce mutane suna kiransa kobla, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta a kansa ba. A ganinta ba irin abin da ake fitar wa manyan baƙi ba ne, amma ga mutanen gida abinci ne mai kyau ƙwarai. Wannan yana cikin wuraren farko da sunan ya bayyana a rubuce. Yau kusan shekara 200 ke nan, kobla ta shiga manyan gidajen abinci, jihar Tekzas ma ta ba wani nau'inta matsayi a hukumance a 2013, amma har yanzu siffarta mai sauƙi ce: yankakkun 'ya'yan itace a ƙasa suna ɓararraka cikin ruwan jikinsu, curi-curin kwaɓin fulawa a sama sun gasu sun yi ja, ba ado, ba tsari.

Rashin adon nan yana da dalili. Turawan Ingila da suka ƙaura zuwa Amurka ta Arewa sun taho da son abincin gida, musamman gashin da ake shimfiɗa kwaɓi ƙasa da sama a sa 'ya'yan itace a tsakiya, da wani da ake kwaɓawa da kitsen shanu a ɗaure a ƙyalle a dafa shi sa'o'i. Dukansu suna son abin da baƙon ƙasa ba shi da shi: katakon murji, wuri mai sanyi, ɗakin girki, da lokaci. Matar da ke cikin bukkar itace a bakin daji, ko a bayan keken doki a hanyar yamma, abin da ta mallaka tukunya ɗaya ce ta baƙin ƙarfe mai ƙafa uku da murfi mai baki. Sai ta zuba 'ya'yan itacen da ta samu a ƙasan tukunyar, ɗanye ko busasshe, ta gutsuro kwaɓi ta jefa a kai, ta rufe, ta ɗora tukunyar a kan garwashi, ta kwaso wani garwashin ta zuba a kan murfin. Wuta ƙasa, wuta sama, tukunya ta zama tanderu.

Da haka kobla ta bi makiyayan shanu. A 1866 wani mai kiwo a Tekzas, Charles Goodnight, ya gyara wani keken doki na soja ya maishe shi ɗakin girki mai tafiya, domin ciyar da masu kora shanu tafiyar watanni. A irin waɗannan kekuna busasshiyar tuffa da 'ya'yan itacen gwangwani su ne kayan marmari, kobla kuwa ita ce abin da mai girki ke yi ranar da yake son faranta wa mutanensa rai. A kudancin ƙasar kuma hannun baƙar fata ne ya raine ta. Abby Fisher, wadda aka haifa cikin bauta a Karolina ta Kudu, ba ta iya karatu da rubutu ba, amma ta yi shifta aka rubuta mata littafin girki da ya fito a San Faransisko a 1881. Yana cikin littattafan girki na farko daga Ba'amurkiya baƙar fata, kuma akwai kobla a ciki, ta fich, wani ɗan itace mai laushi da ƙwallo ɗaya a tsakiya wanda ya fi yawa a jihohin kudu. A arewa, inda sanyi ya fi, tuffa ce ke shiga tukunya.

Akwai abu guda da sai da ya samu kafin kwaɓin saman ya zama mai laushi kamar yadda aka san shi yanzu, wato abin da zai tashe shi nan take ba tare da jiran yis ba. A littafin Amelia Simmons na 1796, wanda ake ɗauka shi ne littafin girki na farko da Ba'amurke ya rubuta, ana tashin kwaɓi ne da wani farin gishiri da ake tacewa daga tokar itace. Yana aiki, sai dai yakan bar ɗanɗanon sabulu idan hannu ya zarce. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Bamingham ta Ingila, Alfred Bird, ya haɗa bekin foda saboda matarsa da yis ba ya karɓar jikinta. A 1856 Eben Horsford, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Harvard, ya yi rajistar wani sinadari mai tsami da ya sa aka iya yin hodar da yawa a sayar. Aikinta mai sauƙi ne. A cikinta akwai soda da wani abu mai tsami, duka a bushe. Da sun ji ruwa, sannan suka ji zafi, sai su saki iska, iskar ta maƙale a cikin kwaɓin ta kumbura shi.

Ita kanta tuffar baƙuwa ce a Amurka. Asalinta duwatsun Tiyan Shan ne a tsakiyar Asiya, inda har yau kakanninta ke tsirowa a daji kusa da birnin Almati na Kazakistan. 'Yan kasuwa suka bi da ita hanyoyin fatauci zuwa Farisa da Turai, Turawa kuma suka tsallaka teku da ita. Wani limamin coci, William Blaxton, ya dasa gonarta a Boston wajajen 1625. Abin da kowane mai lambu ya sani game da ita shi ne ba ta gadon uwa. Idan aka shuka ƙwayar tuffa mai zaƙi, bishiyar da za ta fito tana iya ba da 'ya'ya ƙanana masu tsamin da ba sa ciwuwa. Saboda haka duk wani sanannen iri ta hanyar aure ake yaɗa shi, a yanko reshe a ɗaura a jikin wata bishiyar, dabarar da masu lambun mangwaro suka sani sarai. John Chapman, wanda Amurkawa ke kira Johnny Appleseed, ya rayu daga 1774 zuwa 1845 yana shuka ƙwaya a Ohayo da Indiyana, kuma yawancin 'ya'yan da bishiyoyinsa suka bayar matse su ake yi, ba a ci ɗanye.

Wannan ya sa kowane iri yake da labarinsa, yawanci na bishiya guda da ta tsiro bisa tsautsayi wani ya lura da ita. Koriyar tuffar nan mai tsami da ƙarfi, Granny Smith, ta samo sunanta daga Maria Ann Smith, wata tsohuwa da ta gan ta ta tsiro a gonarta kusa da Sidni ta Ostiraliya a 1868. Bramley, wadda Ingilawa ke ji da ita wajen dahuwa, wata yarinya ce, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayarta a garin Southwell a 1809. Golden Delicious mai launin ruwan ɗorawa ta fito daga wata gona a Bajiniya ta Yamma, wani kamfanin dashe ya sayi bishiyar a 1914. Honeycrisp kuwa ba tsautsayi ba ce, Jami'ar Minesota ce ta ƙirƙiro ta ta fitar a 1991.

Ga mai gashi, sanin waɗannan sunaye ba ƙawa ba ne, domin a nan kobla ke fara gyaruwa ko lalacewa. Kusan kashi 85 cikin 100 na tuffa ruwa ne, kuma abin da ke riƙe da namanta wani danƙo ne da ake kira fektin. Zafi yana narkar da shi, amma ba daidai yake narkewa a kowane iri ba. Granny Smith takan yi laushi ta kuma riƙe siffarta, a ɗebo ta da cokali a ga yanka-yankan. Bramley takan narke gaba ɗaya ta koma fate. Jar tuffar nan mai sheƙi, Red Delicious, ita ce mafi ruɗin ido: kyakkyawa a tire, amma da ta ji wuta sai ta saki ruwa ta yi lami. Ƙwararrun masu gashi da yawa sukan haɗa iri biyu, rabi mai tsami mai ƙarfi, rabi mai zaƙi mai saurin laushi, ɗaya ya ba da abin tauna, ɗaya ya ba da romo. Wannan shawara ce mai kyau, kuma ba ta fi ƙarfin mai saye a Kano ko Kaduna ba, domin yawancin tuffar da ake jerawa a bakin titunan Najeriya daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, kuma Granny Smith da Golden Delicious suna cikin manyan irin da ƙasar ke nomawa. Bishiyar tana bukatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyi mai tsanani kowace shekara kafin ta yi fure da kyau, shi ya sa ba a ganin gonakinta a ƙasa mai zafi sai a tuddai irin na Jos.

Ga kobla da za ta ishi mutum 6, ana bukatar tuffa kilo 1, wato matsakaita 6 ko 7. A fere su, a raba huɗu, a cire tsakiyar da ƙwayayen, a yanka kaurin ɗan yatsa. Kaurin yana da muhimmanci: idan ya yi siriri zai narke kafin sama ta gasu, idan ya yi kauri kuma sama za ta ƙone tsakiyarsa na nan da ƙarfi. Ana cikin yankan za a ga na farkon sun fara yin ja-ja. Wani sinadari ne a jikin tuffar yake haɗuwa da iska, kuma ruwan lemon tsami babban cokali 1 yana rage masa gudu, ya kuma fito da ɗanɗanon. Sai sukari rabin kofi, kirfa ƙaramin cokali 1, gyaɗar ƙamshi kaɗan a goga, ɗan gishiri, da kwanfulawa babban cokali 1 da rabi, wato farin sitacin masara. A juya da hannu har kowane yanka ya samu rabonsa.

Sukarin bai kamata a zuba shi ido rufe ba. A fara ɗanɗana tuffar. Idan mai zaƙi ce a rage, domin kobla da zaƙi ya rufe ta ta rasa abin da ya sa ake yinta. Haka ma kirfa. Amurkawa suna sonta ƙwarai har wasu kan cika ta, amma ƙaramin cokali ya isa a ji ƙamshinta a kuma ji tuffar. Mai son citta ko kanumfari yana iya ƙara ɗan kaɗan, dukansu tsofaffin abokan tuffa ne a girkin Turai.

A shafa bota a kwanon gashi mai ɗan zurfi, a juye tuffar, a sa ta a obin da ya riga ya yi zafin digiri 190 na ma'aunin Salshiyos, ita kaɗai, na minti 15. Mutane da yawa sukan tsallake wannan matakin, daga baya su yi mamakin yadda ƙasan kwaɓin ya fito ɗanye. Dalilin a fili yake: tuffa ta fi kwaɓi jinkirin dahuwa, kuma kwaɓin da aka ɗora kan tuffa mai zafi yana fara dahuwa daga ƙasa tun daga minti na farko.

A cikin minti 15 ɗin nan ake haɗa saman, kuma a nan ake gane hannu. Fulawa kofi 1 da rabi, sukari babban cokali 3, bekin foda ƙaramin cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, a gauraya su a bushe. Sai bota giram 85, mai sanyi ƙalau, da an ciro ta daga firij a yayyanka ƙanana. A jefa cikin garin a riƙa murtsuke ta da kan yatsu, da sauri, ana ɗaga garin ana sakewa, har ya koma kamar tsaki, da 'yan gutsattsarin bota da ido ke gani nan da can. Gutsattsarin nan su ne sirrin. A cikin bota akwai ruwa, kuma idan ta shiga wuta da sanyinta, ruwan yakan zama tururi ya buɗe 'yan ramuka a cikin kwaɓin kafin man ya narke. Idan kuwa ta narke tun a hannu, gari ya shanye ta, abin da zai fito mai nauyi ne. A wurin da ake zafi, dabara ita ce a sa kwanon garin da botar a firij na minti 10 kafin a ci gaba. Tsofaffin littattafan Amurka da kitsen alade suke wannan aiki, amma bota ta daɗe da maye gurbinsa kuma ta fi shi ƙamshi.

Daga nan sai madara mai sanyi, kashi biyu cikin uku na kofi. A zuba a juya da cokali mai yatsu sau kaɗan, da zarar busasshen gari ya ɓace a tsaya. Wanda ya saba kwaɓin burodi ko alkaki hannunsa zai so ya ci gaba da bugu, amma a nan bugu ɓarna ne. Fulawa tana da sinadarin da idan ya ji ruwa aka yi ta juya shi yakan yi danƙo ya miƙe, abin da burodi ke so ke nan, kobla kuma ba ta so. Kwaɓin ya kamata ya zama mai gudaji, mai ɗan manne wa cokali, wanda ba shi da kyan gani. A kudancin Amurka maimakon madara sukan sa ruwan nonon da ya rage bayan an kaɗe mai, wato tsala, tare da ɗan soda rubu'in ƙaramin cokali. Tsamin nonon yana ƙara wa kwaɓin laushi da tashi. Nonon da ake sayarwa a ƙwarya yana yin wannan aikin daidai.

A fito da tuffar, a riƙa ɗebo kwaɓin da babban cokali ana ajiyewa curi-curi a kai, ana barin 'yan tazara. Kada a shafe shi ya rufe ko'ina. Ta tazarar nan tururi ke fita, ruwan ya ƙafe ya yi kauri, kuma ta nan romon ke tasowa ya taɓa gefen kowane curi ya yi masa baki mai danƙo. A shafa ɗan madara a sama, a barbaɗa sukari, a mayar wuta na minti 25 zuwa 30.

Agogo jagora ne kawai, ido ne alƙali. Alama ta farko ita ce sama ta yi ja sosai, ba fari-fari ba. Ta biyu ta fi muhimmanci: a ga romon yana ɓararraka a tsakiyar kwanon, ba a gefe kaɗai ba. Sitaci ba ya kama ruwa sai ya kusa tafasa, don haka kobla da aka sauke kafin tsakiyarta ta tafasa za ta fito tsararo da ɗanɗanon ɗanyen gari. Idan sama ta riga ta yi ja tsakiya ba ta motsa ba, a ɗora takardar foyil sama-sama a ƙara minti 10. Mai shakka ya ɗaga curin tsakiya da bakin wuƙa ya leƙa ƙarƙashinsa. Bayan an sauke, a bar ta ta huta minti 20. Wannan jira shi ne mafi wuya, domin lokacin ƙamshin kirfa da bota ya cika gida yara sun fara zagaye, amma a cikinsa ne romon ke kama jikinsa.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda ta yaɗu a jihohin kudu, kuma ba ta bukatar firij ko kaɗan. A narkar da bota giram 100 a cikin kwanon gashin. A kwaɓa fulawa kofi 1, sukari kofi 1, madara kofi 1, bekin foda ƙaramin cokali 1 da rabi da ɗan gishiri, ruwa-ruwa. A zuba kan botar, kada a juya. A jera tuffar da aka ɗan dafa a kai, nan ma kada a juya. A cikin wuta kwaɓin yakan taso ta tsakanin yankan ya lulluɓe su, gefen ya soyu a cikin mai ya yi ƙus-ƙus. Tunda narkakken mai ake so, man shanu yana shiga nan ba tare da wata matsala ba. Sai dai sukarin ya yi yawa ga harshen mutane da dama, ana iya rage kashi ɗaya cikin huɗu abin bai lalace ba.

Kobla tana da dangi da yawa da ake rikita su da ita. Wanda Ingilawa ke kira kirambul ba a sa masa madara, garin da aka murtsuke da bota da sukari kawai ake barbaɗawa, kuma ya yaɗu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ake rabon fulawa da mai da awo. Amurkawa sukan ƙara masa hatsin ots. A arewa maso gabashin Amurka kuma akwai wanda ba ya shiga obin sam, a tukunya ake rufe shi a kan murhu tururi ya dafa kwaɓin.

Wanda ba shi da obin bai rasa komai ba, tunda a tukunya aka fara yin ta. Masu gasa kek a gida da yashi ko duwatsu a ƙasan babbar tukunya sun riga sun san hanyar: a zuba yashi, a bari ya yi zafi, a ɗora kwanon a kai, a rufe. Abin da kobla ke ƙara nema shi ne wutar sama, domin idan babu ita kwaɓin zai dahu amma ba zai yi ja ba. Masu girki da tukunyar baƙin ƙarfe a Amurka sukan sa kusan kashi biyu cikin uku na garwashin a kan murfi, kashi ɗaya a ƙasa, saboda sukarin da ke ƙasa yana saurin kamawa. Duk bayan minti 10 zuwa 15 sukan ɗan juya tukunyar gefe guda, murfin kuma ɗaya gefen, don kada wuri guda ya fi cin wuta. Wajen buɗewa a ɗaga murfin a miƙe a hankali, kada toka ta zuba ciki.

Da ɗuminta ake ci, a ɗebo da babban cokali har ƙasa domin kowa ya samu curi da tuffa da romo. Amurkawa sukan ɗora askirim a kai, Ingilawa su zuba kastad, kindirmo mai sanyi ma yana tafiya da ita sosai saboda tsaminsa yana yanke zaƙin. Abin da ya rage a rufe a sa a firij, yana kai kwana 3, kuma a obin ko a tukunyar yashi ya fi kyau a ɗumama shi don saman ya dawo da ƙarfinsa. Lokacin da tuffa ta yi tsada mangwaro kuma ya cika kasuwa, ana iya musanyawa da wanda ya nuna amma bai yi luguf ba, marar zare. Sai a rage sukari zuwa rubu'in kofi, a ƙara lemon tsami, a kai kwanfulawa babban cokali 2 saboda ya fi tuffa ruwa, a kuma tsallake gashin farko na minti 15, domin mangwaro yana dahuwa tare da kwaɓin.